Ga Mai Ƙirga Buhu Bai Kwance Bakin Ko Ɗaya Ba

Ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Wanda ya kwana jiya yana rubuta wai wasu sun cika surutu kan safar hannu alhali sanda ce ke cin wasan besbol ya san kansa. 'Yan amshin shatansa ma sun san kansu. Tun da ka taɓo, zauna ka ji.

Ka jero sunayen masu cafka, wato masu tsuguno bayan mai bugu suna cafke jifa, na ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin Dodgers ta Los Angeles, daga Oklahoma City zuwa Tulsa zuwa Great Lakes, ka liƙa wa kowa adadin ƙwallon da ya haurar da katanga, ka ce wai rumbu ya cika. Malam, buhu ka ƙirga, ba ka kwance bakin ko ɗaya ba. Tambayar da ake yi wa ƙungiya a wannan gurbi ɗaya ce: in hannun babban mai cafka ya karye yau da dare, wa zai tsuguna a bayan mai bugu gobe, masu jifa su yarda da shi?

Agogo ake fara ɗaukowa. Daga gida, inda mai bugu ke tsayawa, zuwa tasha ta biyu ƙafa 127 ne da 'yan inci. Ana auna lokaci daga sa'ad da ƙwallo ta faɗa safar mai cafka zuwa sa'ad da ta isa hannun mai tsaron tashar. A babban rukunin Amurka matsakaici yana yin daƙiƙa 2.0, gwanaye suna sauka wajen 1.8. Amma wannan rabin lissafi ne. Mai jifa yana cinye kusan 1.3 kafin ƙwallon ta iso, mai gudu na gaske da ke son satar tasha ta biyu kuma yana kaiwa cikin 3.3 ko kusa da haka. In yaron da ke jifa a Single-A, matakin ƙasa a ƙananan rukunai, yana ɗaga ƙafa har 1.6, ko hannun mai cafka bindiga ne ba zai kama ɓarawo ba. Shi ya sa mai ilimi ba ya yanke hukunci da yawan ɓarayin da aka kama, sai ya dubi saurin zare ƙwallo daga safa, da takun ƙafa, da inda jifan ke sauka. Tun 2023 da aka faɗaɗa tasha daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan juyowar mai jifa don tsare mai gudu, satar tasha ta tashi daga ƙasa da 2,500 a 2022 ta haura 3,500 a 2023. Ko ɗaya ba ka ambata ba.

Sai tare ƙwallon da ta daki ƙasa. Yawancin masu cafka yanzu gwiwa ɗaya suke kafawa don su ɗago jifan ƙasa ya zama kamar ya shiga yankin da ake ƙirga jifa mai kyau, alƙali ya ba su. Dabara ce mai kyau, amma wanda ƙugunsa ya yi tauri ba ya iya zamewa gefe, kuma da mutum a tasha ta uku, ƙwallo ɗaya ta kufce an ci ka. A Triple-A kuwa, matakin da ke dab da babban rukuni, an daɗe ana ƙalubalantar hukuncin alƙali da na'ura, kuma mai jifa, mai bugu da mai cafka ne kaɗai ke da izinin ƙalubale. Ke nan idon mai cafka ma ya shiga ma'auni.

Kuma kai ne za ka yi wa mutane gori? Kai da ka cika mana kunne da mai cafka Diego Cartaya a 2022, lokacin da yake haurar da ƙwallo a Rancho Cucamonga da Great Lakes! An gaya maka a jira ya taka Double-A, matakin da ke ƙasa da Triple-A, inda masu jifa ke murɗa ƙwallo ko da suna baya a lissafi. Ka ce hassada ce. A 2023 ya je Tulsa, bugunsa ya tsaya a .189, wato bai kai bugu mai kyau ɗaya cikin biyar ba. A Janairun 2025 Dodgers suka cire shi daga jerin mutum 40 na babbar ƙungiya, ya koma ƙungiyar Twins. Yaron bai yi laifi ba, gurbin ne mai wuya: ga tsuguno, ga haddace masu bugun abokan hamayya, ga kula da masu jifa fiye da goma, sannan a ce ka yi bugu. Laifin na mai tallar buhun da bai kwance ba ne, wanda ya goge rubutunsa cikin dare yana zaton ba a gani ba. Mun gani. Mu da ke tashi ƙarfe uku na dare don wasan Los Angeles, goge rubutu ne zai wuce mu?

Ko lambobin Oklahoma City da kake taƙama da su, ka san a ina ake buga wasannin waje? Albuquerque, Reno, Salt Lake, garuruwan tudu inda iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, murɗaɗɗen jifa kuma ba ya karyewa sosai. Dole a rage wa lambobin can daraja, a kuma dubi shekarun yaro. Mai shekara 21 a Double-A da mai 26 a wuri guda ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma lissafin ofis. Wanda aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole a sa shi a jerin 40, in ba haka ba wata ƙungiya na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5, inda ake zaɓar waɗanda ba a sa a jerin ba. Wanda aka ɗauka yana 19 ko sama, kaka huɗu ce. Shekarun saukar da mutum ƙaramin rukuni ba tare da an sa shi a kasuwa ba uku ne. Kuma da Will Smith, babban mai cafka na Dodgers, ya sa hannu kan shekara 10 a Maris 2024, ƙofa ta ƙuntata. Cikin matasan masu cafka, an riga an ba da Keibert Ruiz a cinikin Max Scherzer da Trea Turner a 2021, Thayron Liranzo ya tafi Tigers a cinikin Jack Flaherty a 2024, Dalton Rushing kuwa har tsaron filin hagu aka sa shi ya koya.

To, da Satumban 2025 ta zo, ƙashin hannun Smith ya tsage, Rushing ya ji ciwo a ƙwauri, wa ya tsuguna? Ben Rortvedt, wanda aka karɓo daga Rays a ƙarshen Yuli, wanda bugunsa ba ya shiga jerin irinka. Shi ya riƙe masu jifa har wasannin fitar da gwani da Reds.

Ni ban ce na fi kowa sani ba, kuma ban taɓa zagin uban kowa a kan ƙwallo ba. Amma ba za ka kira mutane masu surutu in yi shiru ba. Je ka kwance buhu ɗaya tak, ka kawo mana lokacin jifan mutum ɗaya daga jerin nan naka. Kuma wannan karon kada ka goge, an riga an ɗauki hotonsa.