Ranar Da Gaskiya Ta Janyo Min Kora A Sabon Gari

Kowa da abin da yake cinye masa kuɗi. Wani tattabaru, wani doki, wani ƙwallon Turai. Ni tsofaffin faya-fayen garmaho ne, musamman na kiɗan soul, wanda baƙaƙen Amurka suka yi tashensa a shekarun 1960 da 1970. Kawuna ne ya shafa min cutar. Tsohon ɗan gayu ne na zamanin wando fantalo da tarin suma, kuma har gobe in aka ambaci zuwan mawaƙi James Brown Najeriya a 1970 sai ya gyara zama ya karkata hula. Da gwiwa ta hana shi rawa, sai ya tattara min garmahonsa da kwali guda na faya-fayai. Uwargida tana kiransu farantan da ba a cin abinci a ciki.

Harkar nan tana da doka ɗaya da kowa ya sani: kada mai kaya ya gane abin da kake so. In ka ga faifan da ranka ya biya, sai ka cusa shi cikin tarkace, ka yamutsa fuska, ka ce za ka ɗauke su ne don ka rage masa shara. Na daɗe ina cin abinci da wannan dabara, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Akwai kuma wani faifai da duk mai wannan cuta yake mafarkinsa. A 1965 wani matashi mai suna Frank Wilson ya yi waƙar "Do I Love You" a ƙarƙashin Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a birnin Detroit a 1959. An buga kwafin gwaji kimanin 250 da tambarin Soul, ɗaya daga rassan kamfanin. Sai aka ga Wilson ya fi amfani a wajen rubuta waƙa da tsara wa wasu kiɗa, aka fasa fitar da faifan, aka lalata abin da aka buga. Waɗanda suka tsira ba su wuce yatsun hannu ɗaya ba. Can a arewacin Ingila kuwa, a shekarun 1970, matasan garuruwan masana'antu sun haukace a kan irin waɗannan waƙoƙi masu saurin kiɗa da Amurka ta watsar, suna kwana rawa a gidajen rawa irin su Wigan Casino. Waƙar Wilson ta zama sarauniya a can. A 2009 aka yi gwanjon kwafi ɗaya, ya tashi fam 25,742. Ku riƙe wannan adadi, shi ne ya kashe ni.

Wani abokina mai gyaran rediyo ne ya tsegunta min cewa akwai wata tsohuwa a Sabon Gari, mijinta ya riƙe otal mai gidan rawa tun kafin a haife ni, kuma kayan kiɗansa suna nan jibge a sito. Na sa tsohuwar riga da silifas, don kada a gan ni da alamar kuɗi, na tari adaidaita sahu.

Tsohuwar ta fi ni Hausa, a Kano aka haife ta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Mama, an ce akwai tsofaffin faya-fayen Baba da suka tare miki wuri."

"Ɗana, shiga ka gani. In ka ga ɓera kada ka taɓa shi, ya riga ka zuwa."

Siton ba taga. Ƙura, kyankyasai, da warin tsohuwar takarda da ruwa ya taɓa bi ta kai. Gara ta cinye rabin kwalayen, har ta yi gini a fuskar wani mawaƙi. Na kunna fitilar waya na tsuguna ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci highlife ne bugun Legas, sai na coci, sai manya masu juyi 33 a minti da suka lanƙwashe saboda an jibga musu buhun gawayi. Can ƙasa na ci karo da ƙananan masu juyi 45, irin masu inci bakwai, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya. Ga na kamfanin Stax daga birnin Memphis na Amurka, ga na kamfanin Atlantic. Na goge ƙurar wani da gefen rigata, sai sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Frank Wilson.

Ban san lokacin da na ce "Innalillahi!" da ƙarfi ba. Hannuna ya ɗauki rawa, wayar ta faɗa cikin kwalin. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ina ɗagowa na ga Mama a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, ga jikanta a bayanta, wani dogon yaro ɗan jami'a mai abin sauraro maƙale a kunne.

"Kunama ce?" in ji ta.

"A'a Mama, ƙafata ce ta yi sanyi."

"To miƙo abin da ya sanyaya ta mu gani."

Muka fito haske. A nan, kafin in miƙa mata, idona ya sauka a kan abin da duhu da zumuɗi suka ɓoye min. Hudar tsakiya ƙarama ce. Ƙananan faya-fayen Amurka babbar huda gare su, mai faɗin inci ɗaya da rabi, ta Ingila kuwa 'yar mitsitsiya ce, daidai sandar garmaho. Tambarin ma ba Soul ba ne, Tamla Motown aka rubuta, ga shekara 1979 a gefe. Wato bugun baya ne, wanda aka fitar a Ingila da 'yan rawar can suka matsa da nema. Lafiyayye yana da ɗan kuɗinsa, amma wannan duk karce ne, har da wani tsagi da farce yake maƙalewa a ciki. Zuciyata ta koma mazauninta. Na ma yi dariya.

Yaron nan kuwa tuni ya karanta sunan ya danna a waya. Na ga idonsa yana girma. Ya buɗe kalkuleta, ya buga 25,742 da canjin fam na ranar, ya juya wa kakarsa fuskar wayar. Lissafin ya tasam ma naira miliyan hamsin. Mama ta nemi kujera ta zauna. Sannan ta miƙo hannu a hankali ta zare faifan daga hannuna, ta sa a cikin zani ta ɗaure.

Jama'a, tunda nake wannan harka ban taɓa faɗa wa mai kaya gaskiya tsirara ba sai ranar. Na yi bayani tiryan-tiryan. Na nuna wa yaron hoton na asalin a wayarsa, na ce ya dubi tambari, ya dubi huda. Na ce a ba ni in nuna musu lambobin da ake karcewa a santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, don a nan ake gane inda aka buga faifai, a nan ake kama jabu. Na ce a duba za a ga an rubuta cewa a Ingila aka yi shi.

"Ka ji ko?" in ji Mama ga jikanta. "Na Ingila ne ma. Ai kayan Ingila sun fi ƙarko."

"Mama, a wannan harkar na Amurkan ake nema."

"Kuma a Ingila aka saye shi da fam," in ji yaron. "Ga shi nan a rubuce."

Duk hujjar da na kawo sai ta koma ta zama shaida a kaina. Na ce hudar ƙarama ce, Mama ta ce alamar ba a taɓa amfani da shi sosai ba ke nan, da an yi ta sawa da ta buɗe. Na ce ya karce, yaron ya ce tsufa ne, kuma tsufan ake saye. Maƙwabta suka fara leƙowa. Wani tela ya baro kekensa ya zo da almakashi a hannu, ya ƙare min kallo daga silifas zuwa hula, ya ce irinmu ne muke zuwa da tsummokara mu saye filin marayu. Abin da ya fi ƙona min rai, rabin maganarsa gaskiya ce, don da gangan na sa rigar.

Na ce to a bar wancan, a sayar min da na Stax ɗin nan guda biyu, waɗanda su ne na asali, masu babbar huda, su ne abin da ya kamata in fita da su a kuɗin tsire. Mama ta ce kowanne miliyan ɗaya, kuma don ta ga ina da ladabi ne. Da na yi dariya, sai ta ce a raka ni. Yaron ya raka ni har titi, yana ɗaukar hotona a fakaice, wai ko da wani abu zai ɓata.

Da na ba Kawu labari, dariya ya yi har da tari, sannan ya tambaye ni ko tsohuwar tana da wushirya. Na ce tana da ita. Ya yi shiru, ya ce shi ma an taɓa raka shi titi daga gidan nan, amma ba a kan faifai ba. Uwargida kuwa cewa ta yi Allah ya saka wa Mama da alheri, ta ceci kuɗin cefane.

Labari ya zagaye Sabon Gari kafin sati ya zagayo, kuma yana tafiya yana ƙiba: wai wani Bahaushe ya zo da miliyan hamsin a buhu an ƙi sayar masa. Yaron yana kirana lokaci-lokaci ya tambayi yaushe Baturen da ya aiko ni zai iso, don kuɗin ya ƙaru tunda fam ya tashi. Shekaranjiya na biya wajen wani dattijo mai kayan gwangwan da ya saba ba ni faifai uku a naira dubu ɗaya. Na ɗauki wani da rana ta nannaɗe shi kamar gurasa, ba tambari ba kwali, na ce nawa. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama, ya kanne ido ɗaya yana leƙen hudar tsakiya.

"Malam, nawa fam yake yau?"