Wa aka yi wa manhajar nan?

Shekara shida na yi ina tallar kayan masarufi na wani kamfani tsakanin kasuwar Singa da Sabon Gari da shagunan unguwa, kafin a ɗaga ni a ba ni yara goma sha ɗaya in kula da su. Na zauna a kujeru biyun ke nan. Shi ya sa idan na ji manaja yana cewa 'yan talla ba sa son ci gaba, don suna ƙin manhajar waya da kamfani ya ba su ta rubuta bayanan kowane shago, sai dariya ta kama ni. Mutumin da rabin odarsa ta WhatsApp take shigowa, wanda ya koya wa tsofaffin diloli turan kuɗi ta waya lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, shi ne yau yake tsoron waya?

Ku bi shi shago ɗaya ku gani. Ya yi sallama, kafin a gama amsawa dole ya buɗe manhaja ta ɗauki inda yake tsaye. Ya ɗauki hoton kanta. Ya ƙirga katan nawa ya rage, ya rubuta farashin kayan wasu kamfanoni. In ba a saya ba ya zaɓi dalili cikin dalilai biyar da wani ya tsara a ofis mai sanyi, babu kuwa “Alhaji yana fushi da mu tun watan jiya” a cikinsu. Duk wannan Alhaji na zaune yana kallon yaro yana latse-latse, ko ya gida ya iyali ba a yi ba. A wurinmu wannan raini ne. Sannan sabis ya ɗauke a cikin rumfuna, abin da ya cika ya ɓace, sai bayan isha'i ya zauna ya sake. Alawus ɗin data kuwa yana nan inda yake, duk da a Janairun 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari.

Kada a ce mu kaɗai ne. Salesforce, wato kamfanin Amurka da ya fi kowa sayar da irin wannan manhaja ta bin diddigin kwastoma, da bakinsa ya faɗa a rahotonsa na 2022 cewa masu talla kashi 28 cikin ɗari kacal na makonsu suke yi a kan sayarwa. Sauran a kan wasu ayyuka yake tafiya, irin su cike-cike da taro da rahoto. Mai tuwo ne da kansa ya ce miyar ba gishiri.

Amma gajiya ba ita ce asalin maganar ba. Akwai abin da 'yan talla ba sa faɗa a gaban oga. Kowannenmu yana da ƙaramin littafi, wani a aljihu, wani a ka. A ciki aka san wanda za a ba bashin katan ɗari a yi barci, da wanda ko na sabulu ɗaya ba za a ba shi ba. An san shagon da yaron shago ne mai yanke magana, an san wanda ba a zuwa masa ranar Juma'a, da wanda sai ya ce albarka sau uku kafin ya sallama. Shekaru aka yi ana tara wannan, da zuwa suna, da zuwa ta'aziyya, da shan rana. Shi ne jarin ɗan talla, shi ne abin da ke sa kamfani ya yi tunani sau biyu kafin ya sallame shi. To idan ka ce ya juye shi kaf cikin manhaja, me ka ce masa? Ka ce ne ya miƙa makullin gidansa, gobe a ɗauko sabon yaro a rabin albashi a ba shi wayar. Shi ya sa ake cika abin da aka tilasta, na gaske kuma ya zauna a aljihu.

Da na zama mai kula da yara na ga ɗaya gefen, ba zan ɓoye ba. Akwai mai kwana ƙarƙashin darbejiya ya rubuto ya zaga shago talatin. Akwai mai karɓar kuɗin dila ya juya su mako guda. Manhaja ta rage wannan, kuma ta sa rigimar kamasho ta yi sauƙi.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wato AI, na'urar da ke amsa tambaya da rubutu kamar mutum. Tsoron da ake ji yana da tushe. A 2025 shugaban Salesforce, Marc Benioff, ya ce sun rage masu amsa ƙorafin kwastoma daga wajen 9,000 zuwa 5,000 saboda ita. Ba 'yan talla ba ne, gaskiya, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ka san abin yi. Sai dai kuma Klarna, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na ƙasar Suwidin, da suka yi ta alfahari a 2024 cewa na'urarsu na yin aikin mutum 700, shekara na zagayowa suka koma neman mutane, don aikin ya rage kyau.

Abin dariyar, yarana sun riga kamfani rungumar ta. Da ChatGPT suke rubuta rahoton mako da Turancin da ni kaina sai na duba ƙamus. Ogana kuma da ita yake taƙaita rahotannin don ba shi da lokacin karantawa. Na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, mu muna tsakiya muna sayen data.

Inda take ba su haushi shi ne taget, wato yawan kayan da ake yanka mana mu sayar. An taɓa turo mana hasashen sukari da madara da aka gina a kan watan Turawa, ana auna bana da bara, alhali azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Kaya suka iso bayan diloli sun gama cika sito. Wa aka tambaya? Yaron da tun watan Sha'aban yake kira yana cewa a turo.

Ni abin da nake so a kawo mana ɗaya ne: yaro ya fito daga shago, ya danna, ya yi magana da Hausa na minti ɗaya kamar yadda yake tura saƙon murya, ita ta cike sauran. Kuma ta tuna masa waye alƙawarin biyansa ya cika yau. Na kai wannan shawara taro sau biyu. Abin da aka ƙara mana a maimakonta shi ne sai yaro ya ɗauki hoton fuskarsa a ƙofar kowane shago, don an gano wani yana ba mai a daidaita sahu wayarsa ya zaga masa da ita.