Pamela Stephenson: jarumar da ta koma aji don ta binciki abin da suna ke yi wa mutum

Duk wanda ya san Mista Bin, wato Rowan Atkinson, ya san ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka yi tashe a wani shirin barkwanci na BBC mai suna Not the Nine O'Clock News tsakanin 1979 da 1982. Uku daga cikinsu maza ne. Ta huɗun ita ce Pamela Stephenson, wadda aka haifa a New Zealand a 1949, ta girma a Ostareliya, ta yi karatun wasan kwaikwayo a birnin Sidni, sannan ta koma Ingila a 1976. Wannan shiri ne ya fito da ita. Bayansa ta fito a fim ɗin Superman III a 1983, ta kuma shiga shirin Saturday Night Live na Amurka daga 1984 zuwa 1985.

A 1989 ta auri fitaccen ɗan barkwancin Sikotilan, Billy Connolly, suka koma Los Angeles da zama. A garin da kowa ke tururuwa don ya shiga fim, ita sai ta ɗauki jaka ta koma makaranta. A 1996, tana da shekara 46, ga 'ya'ya a gabanta, ta kammala digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa da damuwa, a California Graduate Institute. Ta samu lasisin duba marasa lafiya, ta buɗe wurin aikinta, ta kuma koyar a makarantar da ta yaye ta.

Ba ita kaɗai ce jarumar da ta canza sana'a ba. Marianne Koch ta Jamus ta bar fim ta ƙarasa karatun likita a shekarun 1970, ta yi shekaru tana duba marasa lafiya a Munich. Abin da ya sa na tsaya a kan Pamela shi ne abin da ta zaɓa ta bincika. Kundin digirinta a kan shahara ne: me ke faruwa a cikin zuciyar mutum idan ya wayi gari kowa ya san fuskarsa? Matsayar da ta daɗe a kai ita ce, shahara tana iya zama rauni irin wanda mummunan abu ke bari a zuciya, ko da mutum shi ya neme ta da kansa.

Na yarda da ita, kuma ina ganin an daɗe ana raina wannan magana. Mutane da dama za su ce wane rauni ga mai kuɗi, mai mota, wanda ake rububin ɗaukar hoto da shi? Amma a duba yadda abin ke tafiya. Jama'a suna ƙera wani mutum daga abin da suka gani a allo, su sa masa sunanka da fuskarka, su ƙaunace shi ko su tsane shi. Kai kuma ka san ba kai ba ne. Idan an yabe shi, yabon ba ya isowa gare ka, domin ka san da sun ga ainihinka wataƙila ba za su yaba ba. Idan an zage shi kuwa, zagin kai tsaye yake sauka a kanka. Sannu a hankali ka daina sanin wa ke son ka don kanka, wa ke raɓar ka don sunan. 'Yan uwa su koma masu buƙata, abokai su koma masu rakiya, wanda zai faɗa maka gaskiya ya yi ƙaranci. Ranar da tashen ya wuce, wancan mutumin da aka ƙera ya ɓace, a bar ka da wanda ka yi shekaru ba ka kula da shi ba.

Tushen wannan tunani ya girmi binciken Pamela. Donald Winnicott, likitan yara kuma masanin nazarin zuciya a Ingila, ya yi bayani a 1960 a kan yadda yaro kan gina wani hali na waje don ya faranta wa masu renonsa, ya ɓoye na gaskiyar. Shi kansa ya bi tafarkin nazarin zuciya ne da Sigmund Freud ya kafa a Biyana, inda magani shi ne mai damuwa ya yi ta magana, likita ya yi ta sauraro, har a gano inda abin ya samo asali, galibi a yarinta. Abin da Pamela ta zo da shi cikin wannan fage shi ne sanin ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekarun da ta yi a gaban kyamara ba ta jefar da su ba, ba ta kuma ɗauki karatun a matsayin wanke kai daga wani abin kunya ba. Su ne suka ba ta tambayar, makaranta ta ba ta hanyar bin ta.

An ga amfanin wannan horo a littafin da ta rubuta a kan mijinta a 2001. Duniya ta san Connolly da ban dariya. Littafin ya nuna yaron da mahaifiyarsa ta tafi ta bari yana ɗan shekara huɗu a Glasgow, wanda ya tashi a hannun gwaggonninsa cikin tsangwama, wanda mahaifinsa ya ci zarafinsa na shekaru, ya yi aikin walda a tashar ƙera jiragen ruwa, ya kuma daɗe yana fama da giya kafin ya daina. Da yardarsa aka rubuta, kuma littafin ya yi kasuwa ƙwarai a Birtaniya. Namiji mai suna irin nasa ya yarda a faɗi abin da aka yi masa yana yaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dubban da ke ɗauke da irin wannan sirri.

Akwai inda na rabu da ita. A 2007 ta fara wani shirin talabijin a Birtaniya mai suna Shrink Rap, inda take zaunar da fitattun mutane irin su Robin Williams da Stephen Fry da Sarah Ferguson, tana yi musu tambayoyi irin na ɗakin likita, a kan iyayensu da yarintarsu da abin da ke hana su barci. Masu kare shirin suna cewa baƙin manya ne, da ƙafarsu suka zo, kuma ganin su yana rage wa talaka jin kunyar neman taimako. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai wannan magani ba ya aiki sai da sirri. Mutum yana buɗe cikinsa ne saboda ya tabbata maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Da zarar an kunna kyamara, wanda ke zaune a kujerar ya san miliyoyin idanu na kansa, kuma jarumi bai san wani abu da ya fi yi wa idanu wasa ba. Wadda ta nuna cewa kallon jama'a ne ke raba mutum da kansa, bai kamata a ce ita ce ta gayyato jama'ar zuwa wurin da aka tanada don ya huta da su ba. Bincikenta ne da kansa ya ba ni hujjar sukar shirinta.

Maganarta ta shafe mu a nan gida. Yarinya a Kano ko Kaduna tana iya fitowa a fim ɗaya, ko bidiyo ɗaya na TikTok, ta wayi gari an san ta daga Zinder har Kumasi, tun ba ta kai ashirin da biyar ba. Yabo da zagi da tsinuwa duk a wayar da ke hannunta suke sauka, dare da rana. Mafitar da aka saba nuna wa jarumar Kannywood ita ce aure, kuma aure alheri ne, amma ba ya goge abin da shekarun tashe suka bari a zuciya, ba kuma kowanne ne ke ɗorewa ba. Idan ta dawo, sai a ce ta kasa zama. Ba kasafai ake tambayar me ta ɗauka ta shiga gidan da shi ba.

Malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan finafinan Hausa, ta fuskar al'ada da addini da tace finafinai. Ɓangaren da nake son in ga an ƙara shi ne na zuciyar masu yin fim ɗin, kuma wadda za ta fi iya rubuta shi ita ce wadda ta taɓa tsayawa gaban kyamara, ta san yadda ake ji idan dubban baƙi suka yanke maka hukunci kafin ka karya kumallo. A Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma dokar tana buƙatar ƙwararrun da za su yi aiki da ita da harshen da marasa lafiya ke ji. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda shi Farfesa Abdalla ya shugabanta daga 2016 zuwa 2021, tana karɓar ɗalibai masu aiki da masu iyali, kuma jarumar da ta kai shekara arba'in tana iya cike fom ɗinta kamar kowa.