Ƙwayar ɓaure ce, Gwaggo, ba yashi ba ne

Waɗanda suka je walimar saukar Auta ranar Asabar sun ga abin da ya faru a falon Hajiya. Waɗanda ba su je ba kuma na san tuni an kai musu labari har da ƙarin gishiri. To ga nawa bayanin, tunda a can ban samu bakin magana ba.

An raba aiki kamar kullum: babbar facalata cincin da dubulan, ƙaramar zoɓo da kunun aya, ni kuma na ɗaga hannu na ce zan kawo ma'amul na ɓaure. Ma'amul shi ne ɗan biskit ɗin nan mai cikowa a ciki da ke zuwa a tsarabar Makka. Asalinsa na mutanen Sham ne, su Labanan da Siriya da Falasɗinu da Jodan, Musulminsu su yi shi da Sallah, Kiristocinsu da Ista. An fi cika shi da dabino ko gyaɗar fustuƙ, amma ana yi da busasshen ɓaure, kuma ni a wajena na ɓaure ya fi, don zaƙinsa ba ya hawa kai kamar na dabino. Ina da katakon bugawa da aka kawo min daga Umara, ina da ɓaure na Turkiyya, irin wanda ake jerawa a danne a kwali, kuma ba yau na fara yi ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi.

Ga yadda na yi, don kada wata ta ce a kwaɓi aka samu matsala. Daren Alhamis na zuba garin semo mai laushi giram 500 da fulawa giram 100 a roba, na narka bota giram 250 na bar ta ta huce, na zuba, na murtsuke da tafin hannu har kowane ƙwayar gari ya jiƙe da mai. Na rufe na bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne sirrin ma'amul. Semo ba fulawa ba ne, tsaki-tsaki ne, in bai sha mai ya yi laushi ba za ki ji shi garas-garas a baki bayan an gasa. Da gari ya waye na zuba garin sukari giram 50, yis rabin ƙaramin cokali, ɗan gishiri, ruwan wardi babban cokali 2, sai madara mai ɗumi wajen rabin kofi, kaɗan-kaɗan har ya haɗe. Ba a murza shi kamar kwaɓin fanke ko burodi. Da kin cika murza sai ya yi danƙo, ya fito da tauri maimakon ya narke a baki. Haɗe shi kawai, ki rufe, ki ba shi awa 1.

Ɓauren kuma giram 400 ne. Abu na farko, a yanke ɗan kan nan mai tauri na kowane ɗaya da almakashi, don ko kwana ya yi a wuta ba zai yi laushi ba, kuma bilenda ba ta niƙe shi. Farin garin da ke jikin busasshen ɓaure sukarinsa ne ya fito ya bushe, ba fumfuna ba ce, kada a zubar. Na yayyanka, na jiƙa a ruwan zafi minti 30, na ɗora a wuta kaɗan da ruwan jiƙon kamar rabin kofi, zuma babban cokali 1, garin kirfa rabin ƙaramin cokali, kanumfari 2 da na daka, da gogaggen ɓawon lemon zaƙi. Ana juyawa har sai in kin ja cokali a gindin tukunya hanyar ta tsaya ba ta rufe ba. In ya yi ruwa, tururinsa zai fasa biskit ɗin a wuta ya tsiyayo ya ƙone a faranti. Sannan na niƙa, na sa bota cokali 1 don kada ya manne a hannu, na bar shi ya huce sarai. Wadda ta cusa cikowa da zafi, man kwaɓinta zai narke tun kafin a je wuta. Kwaɓi giram 25, ɓaure giram 12, a yi rami da babban yatsa, a saka, a rufe baki, a danna a katako da aka barbaɗa wa fulawa, a buga a gefen tebur ya faɗo da zanensa. Obin a digiri 190, minti 12 zuwa 15. Gindi ake dubawa: ya yi ja, sama kuma ya tsaya fari.

Faranti na farko ya fito kamar a ɗauki hoto. Na biyu yana ciki aka ɗauke wuta, obin ɗina kuwa na lantarki ne.

Duk wadda ta tashi a gidan da ake kek ɗin Sallah kafin obin ya yawaita ta san abin yi. Babbar tukunya, yashi tsabtatacce kaurin yatsa 3 a gindi, a rufe a ɗora a gawayi minti 15 ya ɗau zafi, a jera gwangwanayen madara marasa komai a kan yashin, a ɗora faranti a kansu, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya samu. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 25, kuma ba a yawan buɗewa. Aikin yashin ya riƙe zafi ya rarraba shi, kada gindi ya ƙone. Tsakanin yashi da biskit akwai gwangwani, akwai faranti, akwai takardar gashi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta da hanyar hawa. Da suka huce na barbaɗa garin sukari, don in an sa da zafi narkewa yake ya zama jiƙaƙƙen tabo. Na jera a babban farantina mai murfi.

To, falon Hajiya. An gama karatu, an yi addu'a, mata sun cika har bakin ƙofa, malaman Islamiyyar su Auta suna kan doguwar kujera. Aka buɗe farantina, na ji ana “Masha Allah, wannan daga Saudiyya aka kawo?” Ina daga gefe a tsugune ina zuba zoɓo, na sunkuyar da kai irin na kunya, alhali raina fes. Hajiya da kanta ta ce a fara miƙa wa Gwaggo.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi ta duba gindi. Ta shinshina. Ta kakkaɓe sukarin a kan zanenta. Ta yi bisimilla ta gatsa.

Ƙaras.

Ni ban taɓa sanin falo mai mata sama da yadda kujeru za su ɗauka zai iya yin shiru haka ba. Ta tsaya da tauna, ta kalli silin. Ta sake taunawa a hankali, ɓangaren dama, ƙaras. Ta mayar hagu, ƙaras. Sai ta buɗe tafin hannu, a gaban malamai, ta fito da shi. Ta ce a miƙo mata tabarau daga jaka. Aka tsaya neman tabarau, hannunta na nan a buɗe a sama, kowa na kallonsa. Aka samo, ta saka, ta sa farce tana tona abin tana baza shi a tafi.

“Wa ya yi wannan?”

Kafin na haɗiye yawu, ɗana na tsakiya, wanda tun safe nake cewa ya fita wajen maza, ya taso daga bayan kujera da murnarsa: “Ummi ce! A tukunyar yashi ta gasa. Ni na ɗebo mata yashin a wajen ginin maƙwabta.”

Jama'a, yaron nan bai yi ƙarya ba. Shi ya ɗebo. Abin da bai faɗa ba shi ne na tankaɗe yashin, kuma ko kusa da biskit bai je ba. Amma wa zai saurara? Gwaggo ta ce, “Innalillahi. Yashin gini.” Ta miƙa tafin ga ta kusa da ita, ita ma ta leƙa ta ce, “Ai kuwa ga shi nan, ƙanana-ƙanana.” Tafin hannun Gwaggo ya zaga rabin falo. Ina gani wata malama ta naɗe nata a hankici ta tura ƙarƙashin jaka. Wata da ta riga ta cinye biyu tana yabo ta fara dafa ciki. Babbar facalata ta ce, “Ayya, tsautsayi ne, ai ba ya wuce ranarsa,” tana faɗa tana turo robar cincin ɗinta tsakiyar tabarma da ƙafa. Ƙaramar kuma, wai taimako, ta ce ƙila semon ne bai kwana ba. Ya kwana! Ita da ko kunun ayarta ranar ya fara tsami.

Na tattaro ƙarfin hali, kaina a ƙasa, na ce, “Gwaggo, 'ya'yan ɓauren ne, haka yake.”

“Ke 'yar nan, ni za ki koya wa ɓaure? Bishiyar ɓaure a ƙofar gidanmu take tun ba a haifi uwarki ba. Saura kaɗan haƙorin Makkata ya fita.” Ta ɗaga leɓe ta nuna wa falo haƙorin, ta girgiza shi da yatsa don a shaida. Bai motsa ba. Kun san ba a ja-in-ja da dangin miji a cikin taro, balle ƙanwar uba. Na ce, “Allah ya ba da haƙuri, Gwaggo.” Wato na amsa laifin da ban yi ba, da bakina, a gaban malaman su Auta.

Kuma ita Gwaggon nan, ku da kuka san ta kun san ba yau ta fara ba. Ita ce ranar da aka kai garata ta zauna ta ƙirga alkaki ɗaya bayan ɗaya ta ce na gidan su babbar facala ya fi yawa. Ita ce ta ce miyar kukata ta yi kama da ta masu jego. Har yau “amarya” take ce min in ta ga dama, alhali babbar 'yata ta kusa gama sakandare, in kuma ranta a ɓace yake na koma “'yar nan”. Duk abin da aka kawo daga waje ta riga kowa saninsa saboda ta je Makka, amma a wannan falon na taɓa ganin ta ɓare zaitun tana neman inda zaƙin yake. Kuma dubulan ɗin da ta yaba ranar, wanda ta ce “ga aikin manya”, sai da ta tsoma shi a zoɓo kafin ya tauno. Haƙorin Makka bai yi ƙorafi ba a nan.

Abin da na so in faɗa ban samu dama ba ga shi. Ɓaure ba kamar mangwaro ba ne mai ƙwallo ɗaya. Furanninsa a cikinsa suke, ɗaruruwa, kowane ɗaya kuma yana barin ƙwaya ƙarama mai ɓawo. Na Turkiyya, ƙasar da ta fi kowace fitar da busasshen ɓaure, yawancinsa daga yankin Aydin yake zuwa, kusa da Izmir, kuma irin nasu ba ya nuna sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shiga ta ƙaramar ƙofar gindinsa ya kai masa garin fure. Shi ya sa ƙwayoyinsa cikakku ne, suna ƙara a haƙori, kuma su ne ke ba shi ɗanɗanon nan mai kama da gyaɗa. Masu saye don wannan ƙaras ɗin suke biyan kuɗi. Na gode Allah da ban kai ga zancen ƙwaron ba a falon, da yanzu an ce har ƙwari na ciyar da malamai. Bambanta su da yashi kuma ba wuya: ƙwayar ɓaure launin zinariya ce, zagayayya, in kin danna ta da bayan cokali fashewa take. Yashi ba ya fashewa, sai dai ya karce cokalin.

Wadda surukanta ke da irin Gwaggo, ga dabara. Bayan kin dafa kin niƙa, tun da sauran ɗuminsa, ki tura shi ta rariyar ƙarfe mai ƙananan ido da bayan ludayi. Aiki ne, hannu zai gaji, kuma abin zai ragu sosai, don haka ki ƙara ɓauren tun farko. Ko ki raba, rabi ɓaure rabi dabino mai laushi, ƙarar za ta ragu amma sai ki cire zumar, in ba haka ba zaƙi ya yi yawa. Ni dai a ganina an rage masa daɗi, amma zaman lafiya ma abu ne.

Da aka watse, Gwaggo ta sa aka rufe farantin aka kai mata mota, wai kada yara su ci yashi ya taru musu a ciki a yi musu aikin afendis. Ta ce za ta zubar a hanya. Jikarta da ke aji ɗaya da 'yata ta zo makaranta ranar Litinin da guda uku a leda, ta ce da shi suke shan shayi.

Da na kai wa maigida ƙara da daddare, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce to wai da gaske babu yashin? Shi ne har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yaron kuma na hana shi kallo, ya yi kuka, na ƙyale shi.

Duk wadda za ta je gidan Gwaggo a satin nan, don Allah ta duba min farantina, babba ne mai shuɗin murfi, da ɗan tsagewa a hannu ɗaya. Kada ta ce ni na aiko.