Ku fara rage naku cin kafin ku leƙa aljihunmu

Wato har an kai matakin da za a ɗauko yaro da askin banza a kansa, a saka masa kiɗa, ya riƙa tiƙar rawa a TikTok yana koya mana cewa biyan haraji kishin ƙasa ne? Kun dai ga bidiyon, ba sai na sake ɗora shi ba. Sannu malam mai kishin ƙasa, Allah ya ƙara basira. Ashe 'yan kasuwar Kwari da Singa kai suke jira ka zo ka wayar musu da kai.

Maganata ɗaya ce: gwamnatin da ba ta rage nata cin ba, ba ta da bakin ce wa talaka ya ƙara ɗaure ciki.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000. Aka ce a yi haƙuri, muka yi. A 2023 ɗin nan 'yan majalisar tarayya suka raba wa kansu jibga-jibgan motoci. A 2024 aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa na naira biliyan 21, aka sayo wa fadar shugaban ƙasa jirgi ƙirar Airbus. Sai ga Tinubu a watan Oktoba ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji huɗu, har da shirin ɗaga VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, daga kashi 7.5 zuwa 10, a lallaɓa har 15. Hayaniya ce ta sa aka bar shi a 7.5. Kada ma wani ya ce in gode wa gwamnonin Arewa da suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da ƙudurorin. Faɗan rabo suka yi, kason jihohinsu suke karewa.

Na san masu zuwa su ce ai a Ingila ma ana biyan haraji. To ka koma Ingila ka biya. Can mutum ya biya ya ga asibiti da wuta. Nan ka biya, ka haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinka, ka sayi sola, ka haɗa wa 'yan sintirin unguwa kuɗin wata.

Wasu kuma su ce sabuwar dokar harajin ta yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara. Madalla, mun gode da wannan karamci. Naira 50 da ake yanka duk sanda aka tura naira 10,000 zuwa sama ta banki fa? Kuɗin rumfa, kuɗin shara, rasit ɗin tasha? Manomi a Zamfara da Katsina da 'yan bindiga ke ɗora wa haraji kafin ya girbe gonarsa, shi wace doka ce ta yafe masa?

Wallahi abin yana ci mini rai. Ba mu ƙi hukuma ba, a gidan da aka koya mana biyayya ga shugabanni muka tashi. Amma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki sarakunan zamaninsa a kan jangali da karɓe-karɓen zalunci. A 1979 Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, jihohin kuma ba su rushe ba. Ku rage ayarin motoci, ku rage masu ba da shawara na musamman da ba wanda ya san aikinsu, sannan ku zo mu yi maganar aljihuna.

Af, tunda ana batun ɓarnar kuɗi, mu ma da namu. Yaushe aure ya koma mako guda? Kamu, dina, daren Larabawa, ranar ƙauyawa, kowanne da ankonsa da mai hoto da mai kiɗa, uban amarya kuwa bashi har wuya. Iyayenmu da ɗaurin aure da walima suka tare, ga su nan har yau tare. Duk mai niyyar turo mini katin dina, ya riƙe abinsa, ɗaurin aure kawai zan zo.