Wai don mura ya gudu? Hamma, ka ji tsoron Allah

Wallahi da na yi niyyar yin shiru, amma maganar ta tsaya min a wuya tun daren jiya. Duk wanda yake teburin mai shayin bakin layinmu a Jekadafari bayan isha'i ya ji da kunnensa. Ina cikin nuna wa yara hawan dutsen Ventoux na Faransa da 'yan tseren keke suka yi a waya, sai Hamma (ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma na san yana karanta ni) ya kurɓi shayinsa ya ce shi bai taɓa ganin rago irin ɗan tseren keken nan Van der Poel ba, ƙato guda, wai mura ta sa ya tattara komatsansa ya bar Tour de France ta 2025, babbar gasar tseren keke ta Faransa. Aka fashe da dariya. Har wani ya ce a aika masa da citta da kanumfari.

Hamma, da girmanka da furfurarka, wannan karon ka kwafsa.

Wace mura? Kwanaki mutumin nan ya yi yana tuƙi da ita a jikinsa bai ce uffan ba. Ranar Litinin da aka yi hutu abin ya tsananta, da dare zazzaɓi ya rufe shi, aka kwashe shi zuwa asibiti a Narbonne, likitoci suka ce sanyin haƙarƙari ne. Nimoniya. Ita dai wannan da take kwantar da yaranmu a gadon asibiti duk lokacin hunturu, iyaye mata suna kwana a zaune suna ƙirga numfashi. Ita ce kake so ya ɗauka a ƙirji ya hau dutsen da ya haura mita 1,900 washegari, don kai ka ji daɗin shayinka?

Kuma wa ake ce wa rago? Wanda ya ci zango na 2 ya sa riga mai ruwan ɗorawa, rigar jagoran gasar. Wanda a zango na 9 ya ɓalle tun daga tashi shi da abokin aikinsa Jonas Rickaert, su biyu rak, suka yi kusan kilomita 170 iska tana dukan fuskarsu, ayari guda yana binsu, ba a kamo shi ba sai da ya rage ƙasa da kilomita ɗaya a kai layi. In wannan ne rago, Allah ya ba mu ragwancin.

Abin da yake ba ni haushi da 'yan kallo irin na majalisarmu shi ne da idon ƙwallo suke kallon keke. A ƙwallo minti 90 ne, in cinyarka ta motsa ka ɗaga hannu a canja ka, wasan gaba ka zauna a benci da rigar sanyi, sati mai zuwa ka dawo ana tafa maka. Keke babu canji. Zango 21 ne cikin kwana 23, hutu biyu kacal, tafiyar kimanin kilomita 3,300. Ka ɗauka kullum ka tashi daga Gombe ka je Bauchi a kan keke, wata rana ma ka wuce ka kama hanyar Jos, da gudun da ya haura kilomita 40 a awa, ka kwana, gari ya waye a ce maka bisimilla, sake. Sati uku. Ranar da ka kasa fitowa, shi ke nan, sunanka ya fita daga gasar. Ranar da ka fito amma ka iso bayan wa'adin da aka yanka, wanda ake lissafa shi daga lokacin wanda ya zo na ɗaya, nan ma ka fita. Har mota ce da su a can ƙarshen ayari, motar tsintsiya suke ce mata, aikinta share waɗanda jiki ya ƙi. Saboda haka mara lafiya a Tour ba shi da inda zai laɓe ya warke. Ko dai ya warke a kan sirdi, ko ya tafi gida.

To yaya za a yi a warke a kan sirdi? Mutumin da a ranar duwatsu yake ƙona abincin da zai ƙosar da ƙarti uku, yana ci yana tuƙi, ruwan sukari da wani abu mai yauƙi a 'yar leda yake ɗura wa cikinsa awa biyar, har cikin ya gaji ya fara bore. Kitse babu a jikinsu, ku dube su da kyau in sun tuɓe riga, haƙarƙari a waje kamar saniyar rani. Ya hau dutse sharkaf da gumi, ya gangaro da gudun mota iska mai sanyi tana ratsa ƙirjinsa. In aka yi ruwa, tayar na gabansa tana watso masa dattin titi da kashin shanu a baki da kan gorar ruwansa. 'Yan kallo dubbai a bakin hanya suna ihu daf da hancinsa. Da dare wani sabon otal, wani sabon gado, mutum biyu a ɗaki, mutum takwas a bas ɗaya, in ɗaya ya yi atishawa sauran su fara addu'a. Wahala mai tsawo irin wannan tana raunana garkuwar jiki, shi ya sa a sati na uku za ka ji rabin ayarin yana tari kamar layin ganin likita.

Sannan ga abin da na san Hamma bai sani ba. Mu nan in jiki ya yi nauyi sai mu leƙa kemis, yaro ya ɗaura mana ledar ruwa, ya soka allura biyu, gobe mu fita kasuwa. Su an hana su wannan. Tun 2011 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta allurar farfaɗo da jiki a lokacin gasa. Tramol ɗin da ya gama da samarinmu, an haramta musu shi a gasa tun 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Tour ɗin 2022. Ko maganin mura ma sai likitan ƙungiya ya duba abin da ke cikinsa, don wani yana iya jawo wa mutum dakatarwa. Mutum ne da huhunsa, sai shinkafa da barci.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa jiya. "Ai miliyoyi ake biyansu." To sai me? Ka taɓa ganin zazzaɓi ya tambayi albashi kafin ya kama mutum? Ku wuce wannan. Wani kuma ya ce mazan da sun fi juriya, ba sa guduwa. Madalla. Tunda mazan da kuke so, ga ɗaya.

Ranar 13 ga Yuli 1967, a kan wannan dutse na Ventoux da aka hau jiya, Tom Simpson ɗan Birtaniya, zakaran duniya na 1965, ya fito tsere bayan ya kwana biyu cikinsa yana ɓaci. Rana tana ƙuna, saman dutsen kuwa fari fat, ko bishiya ɗaya babu. Ya sha ƙwayar amfetamin, ya haɗa da barasa, don jiki ya yi shiru ya bar shi ya yi aiki. Kusa da ƙololuwa ya fara tangaɗi, ya faɗi. Aka ɗora shi a kan keken, ya ɗan ƙara gaba, ya sake faɗuwa hannunsa riƙe da kan keke. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Avignon, amma rai ya yi halinsa. Shekararsa 29. Shi bai gudu ba, Hamma. Ya daure irin dauriyar da kake so. Jiya ayarin ya wuce ta gaban dutsen tunawa da aka kafa masa a gefen hanya, inda mahaya suke ajiye gorar ruwa da hula. A ranar da aka bi ta wurin ne kake zagin wanda ya ji maganar likita.

Kuma abin dariyar, ku ɗin nan ba a iya muku. Da Tom Dumoulin cikinsa ya murɗa a zango na 16 na Giro, babbar gasar keke ta Italiya, a 2017, yana sanye da rigar jagora, ya yi wurgi da keke ya tuɓe ya tsuguna a gefen titi duniya tana kallo, dariya aka yi ta yi masa. Ya tashi ya hau, ya yi asarar sama da minti biyu, ƙarshe shi ya ci gasar. Wanda ya daure kun yi masa dariya, wanda ya janye kun ce rago. Remco Evenepoel a 2023 ya ci tseren agogo (wanda kowa yake tuƙi shi kaɗai ana auna lokacinsa) a zango na 9 na Giro, ya karɓi rigar jagora, a daren aka gwada shi aka samu korona, ya tafi gida da rigar a jaka. Shi ma an ce ya tsorata. Mutum yana kan gaba, tsoron wa zai ji? A 2023 ɗin dai gwarzon Tour Pogačar da kansa, wanda yanzu kuke cewa ba mutum ba ne inji ne, ƙarfinsa ya ƙare a hawan dutsen Col de la Loze a Tour, aka ji muryarsa a rediyon ƙungiya yana cewa ya gama, ya mutu. Injin ke nan.

Bari in daina zolaya in faɗi abin da ya sa maganar ta taɓa ni. Shekara uku da suka wuce, wata Asabar, mun shirya da abokai za mu je Dadin Kowa a keke mu dawo. Daren Juma'a na kwana ina rawar ɗari. Da asuba na haɗiyi ƙwayoyi biyu na fito, don kawai kar a ce na ji tsoro, don ni ne mai cika baki a cikinmu. Zuwa lafiya lau. A dawowa, mun wuce Kwadon kaɗan, sai na ji ƙafafuna kamar an cika su da yashi. Bakina ya bushe, harshe ya manne, gumin ma ya ɗauke gaba ɗaya, ga rana tsaka. Ina ganin farin layin titi ya zama biyu. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne ina kwance a bayan wata a-kori-kura a tsakanin kwandunan tumatir, keken a kan ƙafata, wani dattijo da ban taɓa gani ba yana yayyafa min ruwa yana salati. Maleriya ce. Kwana huɗu na yi a gado, leda biyar ta ruwa. Inna ta zo ta tsaya a kaina, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Da ka mutu, su waɗanda kake jin kunyar tasu, su za su riƙe maka 'ya'yan?" Tafiyar da ba ta kai rabin zango ɗaya na Tour ba ke nan, kuma rana ɗaya.

Wannan kalma ta "daure" ta kashe mana mutane da yawa. Ɗan ga-ruwa yana tura kura da zazzaɓi don kar a ce ya zama malalaci. Lebura a wurin gini yana tari sati uku, maigida yana ce masa ai kai namiji ne. Ɗan acaɓa ya haɗiyi ƙwaya ya fita da ciwon kai har ya je ya afka wa wani. In ya faɗi mu taru mu ce kwana ne ya ƙare, alhali jiya mu ne muke ce masa rago. Su waɗannan ba su da likitan ƙungiya da zai ce musu tsaya. Wanda yake da shi kuma ya ji maganarsa, mun ce a kai masa citta. Lafiya uwar jiki muke cewa da baki, amma ranar da mutum ya zaɓe ta a kan tafi sai mu bi shi da gori.

Ni dai Van der Poel bai burge ni a zango na 9 kamar yadda ya burge ni ranar Talata da ya janye ba, kuma duk mai son musu ya fara zuwa Kumo a keke ya dawo, sannan mu zauna. Hamma, har kai. Kekena yana nan, zan ara maka, shayin ranar ma ni zan biya.

Af, tunda an zo maganar aro. Wanda ya karɓi famfon kekena tun kafin babbar sallah ya ce minti goma zai yi, don Allah ya dawo min da shi. Ja ne, an ɗaure hannunsa da roba baƙa. Na gaji da tura keke har bakin kasuwa wajen mai faci duk lokacin da taya ta sace, ga tsadar da tif ya yi yanzu, jiya da yaron ya faɗa min kuɗin sabo sai da na ce ya maimaita.