Mujallar Eagle da haƙƙin Frank Hampson

Duk sanda hira ta biyo ta kan mujallun yara na Ingila, sai a ɗauko sunan Marcus Morris a yi ta yabo. Ban ƙi ba, ya cancanta. Limamin coci ne a Southport da ya ga labaran zane na ban tsoro daga Amurka suna shiga hannun yara, bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba, ya ce bari a yi musu abin da ya fi. Haka Eagle ta fito ranar 14 ga Afrilu, 1950, daga kamfanin Hulton Press, a kan taro, wato kwabo uku. Fitowar farko an sayar da kusan 900,000.

Amma ni mutumin da ke tsaya mini a rai shi ne Frank Hampson, mai zanen. Yaro ba ya ba da taronsa duk mako don liman ya ce abu yana da kyau. Abin da ya ja su shi ne Dan Dare, matuƙin jirgin sararin samaniya da ke shafin farko, da abokin gabarsa Mekon, wani koren halitta mai ƙaton kai daga duniyar Zara. Hampson bai yi wa yara aikin ganin ido ba. Sai an ƙera ƙananan samfurin jiragen, an sa mutane sun saka kayan, an ɗauki hotonsu, sannan shi da mataimakansa su zauna zane. Mahaifinsa ma shi ya tsaya a matsayin Sir Hubert, shugaban rundunar sararin samaniya a labarin. Ko sunan mujallar matarsa Dorothy ce ta kawo shi, daga siffar gaggafa da ke jikin teburin karatu na cocinsu. Ku tuna ƙasar ba ta daɗe da fita yaƙi ba, har alewa ma da kati ake saye, sai ga shafi mai launi tar yana nuna musu gobe. A tsakiya kuma ga zanen jirgin ƙasa ko na ruwa an tsaga cikinsa, yaro yana ganin yadda injin ke aiki.

To me ya biyo baya? A 1959 kamfanin Odhams ya saye Hulton. Morris ya tafi, sababbin masu gida suka ga ɗakin zanen Hampson yana cin kuɗi, shi ma ya bar Dan Dare a shekarar. Abin da ya fi ci mini rai, haƙƙin mallakar Dan Dare na kamfani ne, mutumin da ya ƙirƙiro shi ba shi da iko a kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya koma yi wa littattafan yara na Ladybird zane, sunansa ya yi ta dusashewa.

Mujallar ta ci gaba da rarrafe har 1969, aka narkar da ita cikin mujallar Lion, wadda tun farko an kafa ta ne don ta yi gogayya da Eagle. An sake farfaɗo da ita daga 1982 zuwa 1994, da wani Dan Dare daban.

Sai a 1975 masu zane suka karrama Hampson a birnin Lucca na Italiya, shekara 16 bayan an raba shi da aikinsa. Ya rasu a 1985.